Rijiyar da Ba Ta Jin Hausa

Na san abin da kuka tashi kuna ji a bakin dangi. An gaya muku Baffanku Mamman ya yi damina biyu ba ya amsa sallamata, kuma bai zo sunan Balki ba alhali yana nan Gazawa lafiyarsa lau. Wasu sun ce rigimar gona ce, wasu sun ce uwarku Rabi ce ta shiga tsakaninmu. Babu gona a ciki, uwarku kuma ba ta da hannu ko na sisin kwabo. Kalma ɗaya ce ta raba mu, kuma ni na jawo. Tunda yanzu na aje alli, ina da lokaci, idona kuma bai gama tafiya ba, bari in rubuta muku yadda aka yi, don kada bayan raina ku ɗora wa mutumin kirki laifin da ba nasa ba.

A shekarar ina koyar da Faransanci a kolej a Agiye. Wata safiya darekta ya kira ni buro, ofishinsa, ya miƙo min takarda, wai an ce kowace makaranta ta buɗe darasin tatsuniya ga 'yan aji na farko da na biyu. Yara su tattaro tatsuniyoyi daga gida, a zauna a tattauna su, kowa ya sake ba da tasa da bakinsa, ƙarshen shekara a yi wasa gaban iyaye. An sa shi ranar Laraba da yamma, lokacin da kowane malami ke son ya miƙe ƙafa a gidansa, shi ya sa duk wanda aka nuna sai ya tuna yana da mara lafiya a ƙauye. Darekta ya ce ni zan yi, tunda ko ba a ba ni darasi ba surutu nake yi. Ban ji haushi ba, don gaskiya ya faɗa. Azuzuwan siminti a kulle suke ranar Laraba da yamma, sai aka ba mu rumfar kara da ke can ƙarshen fili kusa da katanga, inda awakin unguwa suka riga mu zama.

Makon farko yaran suka zo min da labaran da suka kwaso daga littattafan lakol, wato makarantar boko, cike da dabbobin da ba su taɓa gani ba da ƙanƙarar da ke zuba daga sama. Na kore su da su. Na ce duk wanda ke da tsohuwa a gida ya je ya zauna kusa da ita, ya taya ta tsinke zogale in ta kama, kada ya dawo min hannu rabbana. Daga nan abin ya kankama. Nakan rubuta tambayoyi uku a tabulo, allon ajinmu, wa ke neman wani abu a labarin nan, me ya tare masa hanya, me ya rasa kafin ya samu. Sai mu juya tatsuniyar ta kowane gefe. Wata rana muka ce kura ta ba da labarin da bakinta, wata yarinya mai suna Sa'a ta tashi ta riƙe ciki tana rantsuwa cewa ita kwana uku ba ta ci ba kuma babu wanda ya taɓa tambayarta, har mai gadi ya leƙo don jin abin da ke ba mu dariya. Shekara ashirin da wani abu ina koyarwa, ban taɓa ganin yara suna jin haushin ƙararrawar tashi ba sai a rumfar nan. Ni kaina na shiga jiran Laraba.

Wata Laraba Sa'a ta ɗaga hannu, ta kira ni Mushe, yadda ake kiran malamin boko a wajenmu.

"Mushe, kowa ya kawo tashi, kai kaɗai ba ka kawo ba. Ko kai ba ka da tsohuwa?"

Ina da ita kuwa, kakarku Inna, Allah ya jiƙanta, kuma a ƙauyenmu babu wanda ya kama ƙafarta a tatsuniya. Na ba su wadda na fi so tun ina yaro. Wata yarinya ce da uwarta suna bin ayari a shekarar fari. Suka iso wata rijiya, igiyar guga ta kasa kai wa ruwa, uwar ta sauka ciki don ta tono, ta kasa fitowa. Ayari ya gaji da jira ya wuce. Yarinyar ta zauna bakin rijiya tana waƙa, duk sanda ta rera sai ruwan ya taso kamu ɗaya ya ɗago uwar. Hankaka ya zo ya ce ta yi shiru ya kai ta inda dabino yake, ta ƙi. Falke ya zo ya ce ta yi shiru ya ɗora ta bisa jakinsa, ta ƙi. Muryarta ta dushe, leɓenta ya tsage, ba ta daina ba, sai a rana ta bakwai ruwa ya kawo uwar bakin rijiya. Yara sun yi tsit har na iso wurin waƙar, na rera ta yadda na ji ta a bakin Inna:

"Anna, aman,
Anna, aman,
rana ta yi, Anna, aman."

Wani daga baya ya ce, "Aman wa, Mushe?" Wani ya dafe ciki ya yi kakarin amai. Rumfar ta kece da dariya, har Sa'a. Kunya ta kama ni. Ni ban taɓa tambayar ma'anar kalmomin ba, na ɗauka irin surkullen waƙoƙin tatsuniya ne da ba su da kai ba su da gindi. Amma can ƙasan zuciyata na san ba Hausa ba ce, kuma na san daga inda ta fito. Sai na yi dariya tare da su, na ce shirme ne na tsofaffi, mu gyara shi, ai aikin da ya tara mu ke nan. Muka cika tabulo da shawarwari, aka zaɓi "Inna taso, ruwa taso." Ba laifi, ta yi daɗi a kunne. Na sa aka buga ta a takarda da sunan ajinmu a ƙasa, ina ta jin kaina.

A nan dole in gaya muku abin da ba a gaya mana ba sai a raɗe. Mahaifinmu da Inna ba a ƙauyen nan aka haife su ba. Daga wani zango na arewa suka zo suna sabon aure, a shekarar da dabbobi suka ƙare. Mahaifinmu ya kama hauya, ya koyi noman aya har ya fi masu garin, in an tambaye shi asali sai ya ce mu mutanen arewa ne, ya ja bakinsa. Mu Buzaye ne. Na san haka yadda mutum ya san yana da tabo a bayansa, ba ya ganinsa, ba ya kuma tuɓe riga a cikin mutane. A wancan lokacin, har yau ma a bakin wasu, in an ce Buzun da ya zauna yana noma, ana nufin kakanninsa bayin masu raƙuma ne. A kasuwa wasa ne da dariya, amma ranar neman aure wasan yakan ƙare. Mahaifinmu bai so 'ya'yansa su ɗanɗana wannan ba, kuma ba na ganin laifinsa.

Ranar Asabar na hau moto, ɗan babur ɗina, na tafi ƙauye da takardata a aljihu. Na iske Inna gindin dogon yaro tana tankaɗe aya da rariya. Bayan gaisuwa na ce na kawo mata abin da zai faranta mata rai, tatsuniyarta ta shiga lakol. Na karanta mata tun daga farko har ƙarshe, ina gyara murya. Hannunta bai tsaya ba sai da na rera sabuwar waƙar. Da na gama ta ce:

"Wagga ta wa ce, Illo?"

"Taki ce mana, Inna. Waƙar kaɗai munka ɗan gyara, yara na dariya."

"A'a. Tawa, uwar ta hito. Wagga da kak karanta, matar tana nan cikin rijiya har yanzu."

"Ai ga shi nan na karanta miki, ran bakwai ta hito."

"Takarda ce tac ce ta hito. Rijiyar nan ba ta jin Hausa."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta aje rariya ta gaya min abin da na kai shekara hamsin ban tambaya ba. Anna shi ne inna, aman kuma ruwa. Kakarta ce ta koya mata a zango, tsohuwar da har ta mutu ba ta iya Hausa sosai ba. Ta ce duk yaren ya zube mata a hanya, da tanti da raƙuma da sunayen rijiyoyi, abin da ya rage a bakinta ke nan, kuma ta ɓoye shi cikin tatsuniya don a can ne kaɗai mahaifinmu bai cika bincike ba.

"Ɗan da na haifa ya ji ruwan kakata ya ce amai ne," in ji ta. "To na rufe bakina. Ku yi ta takardarku."

Ta kuwa rufe. Laminu, Zara, ku kun isa tunawa. Da kuka je hutu kuka kewaye ta kamar yadda kuka saba, cewa ta yi ku tambayi ubanku, shi ke da takarda. Yaran maƙwabta ma suka daina taruwa a tsakar gidan. Tana gaisawa da ni, tana tambayar lafiyar Rabi da ke da cikin Balki a lokacin, amma duk wanda ya san Inna ya san an cire mata wani abu. Ni kuwa sai na bi ta hanyar girman kai, ina cewa rigimar tsufa ce, za ta huce. Uwarku ce ta ƙi bari in zauna lafiya. Tana zuba min tuwo tana cewa:

"Mushe, kai da ke gyara wa yara kuskure da jan biro, wannan karon abin da bai lalace ba ka gyara. Ka tafi ka ba tsohuwa haƙuri tun tana jin ka."

Na tafi. Na durƙusa na ce na yi kuskure, zan yage takardar. Inna ta dube ni ta ce yage takarda ba wuya.

"Gaban wa ka cire ta?"

"Gaban yaran lakol."

"To gabansu za a maida ta. Ni zan tahi da ƙahwata, in ga wanda zai yi man kakarin amai."

Kafin in koma Agiye labari ya kai wa Yaya Mamman. Ya girme ni da shekara goma sha biyu, shi ya riƙe gidan bayan mahaifinmu, shi ya hana a cire ni daga lakol lokacin da ake neman hannu a gona. A Gazawa yana da rumfar sayen aya, mutane suna kawo masa shawara, ana tashi in ya shigo masallaci. Ya aiko in biya ta wurinsa. Na same shi cikin buhuna, ya sallami masu awo, ya ja ni gefe. A lokacin an kai goron tambayar auren ɗansa Habu gidan wani dattijo wanda kakanninsa daga Katsina suka zo, kuma Habu na son yarinyar kamar ransa.

"Illo, mutanen nan bincike sukai. Sun aika ƙauye, an ce musu mu mutanen arewa ne, sun yi shiru. Ka bari a ɗaura bayan kaka, sannan ka kai ta ko gidan rediyo ne."

"Yaya, kafin kaka an rufe lakol, yaran sun watse. Kuma ka ga ƙafafunta yadda sunka kumbura bana."

"Na gani. Ni ma uwata ce."

Muka yi ta ja, daga ƙarshe na yi masa alkawari. Zan kai ta ta yi tatsuniyarta, ta rera waƙarta, amma ni ba zan ce uffan kan asali ba. Ya kama hannuna ya ce in faɗa da sunan Allah, na faɗa. Ku riƙe wannan da kyau, don shi ne abin da masu ba ku labari ba su sani ba.

Ranar Laraba na ɗauko ta a mota daga ƙauye, ta sha zanenta na Sallah. Zafin bazara ne, rumfar ta cika har da yaran da ba na ajin ba da malamai biyu da suka zo ganin ƙwaƙwaf. Aka shimfiɗa mata tabarma. Kafin ta zauna ta miƙa hannu ta zaro ciyawa ɗaya daga jinkar rumfar, ta ƙulla ta, ta soke a wurin. A wajenmu ba a tatsuniya da rana sai an ɗaure ta haka, in ba haka ba wai mai yin ta zai ɓata a hanya. Ni wata shida ina yi da rana tsaka ban ɗaure komai ba. Ta harare ni ta ce wa yaran:

"Shi ya sa malaminku ya ɓace."

Suka yi dariya, daga nan kuma ta riƙe su a tafin hannunta. Ni da nake ganin na iya, ran nan na san kwaikwayo nake yi. In hankaka zai yi magana wuyanta ne ke karkacewa, in falke ne sai ka ji ƙaurin taba a muryarta. Da ta iso waƙar ta rufe ido ta rera a hankali, da muryar wanda ƙishirwa ta ci ƙarfinsa. Babu wanda ya yi ko tari. A karo na uku sai ga 'yan mata suna bin ta ƙasa-ƙasa, a na biyar rumfar duka ta ɗauka, har wanda ya yi kakarin amai, na gan shi da idona. Da uwar ta fito daga rijiya yaran suka saki numfashi tare. Na juya ina goge tabulon da babu komai a kansa, don hawaye sun zo min.

Sai Sa'a ta ɗaga hannu, yadda na koya musu.

"Kaka, wannan wane yare ne? Ina kika samo shi?"

Inna ta juyo ta zuba min ido, yaran ma suka juyo. Da na ce tsohon yare ne na mutanen da, da an wuce wurin, da alkawarina ya tsaya. Amsar tana bakina. Amma na ga tsohuwar nan zaune da kumburarrun ƙafafu, ta yi tafiyar da ba ta saba ba don ta maido kalma biyu wurinsu, tana jira ta ga ko zan sake cire su a gabanta. Na tuna da Yaya, na tuna da Habu, wallahi na tuna. Duk da haka na ce:

"Yaren kakanninmu ne. Anna uwa, aman ruwa. Mu Buzaye ne, daga arewa iyayena sunka zo. Ran nan da kunka yi dariya kunya na ji, shi ya sa na ce shirme ne. Ƙarya na yi muku."

Abin da na shekara hamsin ina tsoro ya zo ya wuce cikin ɗan lokacin da bai kai a sha ruwa ba. Wani yaro ya ce to shi ya sa Mushe ke son shayi, aka yi dariya, shi ke nan. Makon da ya biyo sai ga su da abin da suka ɓoye mini tun farkon shekara. Ashe kusan kowa ya yi irin gyarana kafin ya kawo tasa. Wannan ya cire waƙar Fulatanci ta kakarsa, waccan ta cire sunan wani gari na hayin iyaka don kada a ce su baƙi ne, wani ya cire kirarin maƙera. Muka ware gefe guda na tabulo don kalmomin da aka maido, muka sa doka cewa kana iya juya tatsuniya yadda ka ga dama, ka ba kura gaskiya in kana so, amma kalmar da ba ka gane ba, ka koma ka tambaya kafin ka taɓa ta. Wasan ƙarshen shekara iyaye suka cika fili, tsofaffi na ta gyara wa jikokinsu daga cikin taro. Inna kuma bakinta ya buɗe, tsakar gidanmu ta sake cika.

Sai dai ɗaya daga malaman da suka zo kallo ya ɗauki muryar Inna a wayarsa, don ta burge shi, ba da mugun nufi ba. Bai kashe ba sai bayan na gama maganata. Daga waya zuwa waya, kafin kasuwa biyu ta ci ana sauraronta a rumfunan Gazawa. Mutane da yawa waƙar suka so, har masu shayi na rera ta. Amma gidan da Habu ke nema suka maido goro, suka ce sun duba abin bai yi ba. Habu ya tattara ya tafi ci-rani, bai yi wa kowa sallama ba. Na je wurin Yaya, ya bar ni tsaye bakin rumfa, yana ta awo kamar babu kowa. Da na matsa sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Da sunan Allah ka hwaɗa."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Kun san Habu ya dawo, ya auri wata daban, Mariyama, ga 'ya'yansu nan kuna wasa da su. Kada ku ce don haka abin ya zama alheri, ni ban taɓa faɗa wa kaina haka ba. Yaron ya sha wuya a kan maganar da ba shi ya yi ba, Yaya kuma ya ga ƙanen da ya yi wa komai ya karya rantsuwa. Da aka haifi Balki na aika masa goro, goron ya dawo. Ranar suna ina ta duban ƙofa har aka shafa fatiha. In da za a maido ni rumfar nan, ina jin abin da na faɗa zan sake faɗa. Alkawarin ne bai kamata in ɗauka ba tun farko, na ɗauke shi don in rabu da ganin ɓacin ransa, wannan kuwa ragwanci ne.

Haka muka yi damina biyu. Yaya yakan kawo wa Inna hatsi da cefane, in ya ga motona a ƙofar gida sai ya zagaya bayan zana wurin turken tumaki ya jira in tafi. Inna ba ta taɓa sa baki ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta zaunar da shi ta yi masa faɗa. Wata ranar kaka bayan la'asar muna tsakar gida ana ɓarar gujiya, ku da 'ya'yan maƙwabta, Balki na tatata tsakanin ƙwarya da ƙwarya. Na ji tsayuwar motonsa, na ji ya zagaya baya. Na yunƙura zan tashi in ba shi wuri, Inna ta ce in zauna, ban gama kason gabana ba. Zara ta roƙi ta rijiya. Inna ta ƙulla ciyawa ta fara. Da ta iso waƙar ta rera, Anna, aman, kuka bi ta. Kafin ta ɗora sai wata murya mai kauri ta fito daga bayan zana, a hankali, da irin karin waƙar:

"Tabarat-in, tabarat-in."

Gujiyar da ke hannun Inna ta zube. Muka dubi juna, don babu wanda ya taɓa jin wannan a cikin tatsuniyar. Sannan Inna ta share fuska da gefen zane ta ce:

"Ɗiyata, ke nan. Uwar ce ka amsawa daga cikin rijiya. Wancan na bayan zana shi ka yi man amshi yana ƙarami, ran da ubanku ya ji shi ya ɗauko mishi tsumagiya. Tun ran nan ban ƙara jin ta ba, ni kuma ba ni iya yi ma kaina amshi."

Ta ci gaba. Sau bakwai yarinyar ke waƙa a tatsuniyar, sau bakwai aka amsa daga bayan zana, muryar na rawa amma ba ta fasa ba. Da aka gama ya zagayo ya shigo da buhun hatsi a kafaɗa, idonsa jajur, ya dire shi bakin rumbu. Ya gaida Inna. Ya ɗauki Balki, wadda bai taɓa ɗauka ba, ya dube ta da kyau ya ce goshin Inna ne. Ni dai ina zaune a tabarma. Sai ya juyo ya tsaya kaina.

"Kai da karatunka duka, rabin abu ka kai lakol. Ka ɓata ma mutane aure a kan rabin waƙa."

"Ban san akwai saura ba, Yaya."

"Ina za ka sani, ba ka tambaya. Matsa in zauna."

Na matsa masa a tabarma. Ya ja ƙwaryar gabana ya kama ɓara, ya ce ranar Laraba in faɗa wa yaran su jira shi, zai rufe rumfa da wuri.